Yadda Muka Je Maraɗi Neman Abincin Bajamushiya

Tun da na dawo daga Maraɗi ban ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali a majalisarmu ta ƙofar makaranta a Safana ba. Hedimasta ya tambaye ni, mai shayi ya tambaye ni, har malamin asibiti da gaisuwa ke yi wa nauyi sai da ya jingine kekensa ya ce in ba shi labari. Kuma na lura ba Maraɗin ce ta dame su ba. Abin da suke son ji shi ne yadda mutum zai yi tafiyar kwana da kwanaki shi da surukinsa, su dawo suna cin tuwo a kwano ɗaya. Na gaji da maimaitawa, ga labarin sai ƙiba yake yi a bakin mutane, har an fara cewa wai na mari jandarman Nijar. Ni da ko ɗalibi ban iya mari ba. To ga yadda aka yi, kowa ya karanta ya bar ni in sha shayina.

Ga wanda bai san ni ba, ni mutumin birnin Katsina ne, aikin koyarwa ya jefo ni Safana. A nan Allah ya haɗa ni da Dije, 'yar Sarkin Baka na Wagini ta ƙasar Batsari, wato shugaban maharban garin. Baba, haka nake kiransa, dogon tsoho ne siriri. Kunnensa na dama ya daɗe da yin murabus saboda ƙarar bindiga, amma idonsa har yau yana hango tsuntsu a kan itacen da ni ko itacen ban gani ba. Da ƙuruciyarsa shi ne ɗan jagoran wani Baturen gandun daji a dajin Rugu. Da Baturen zai koma gida ya bar masa raiful ƙirar Jamus da akwatin harsasai, aka yi masa lasisi, wanda kowace shekara yake zuwa ya sabunta. Mutanen Wagini suna kiran bindigar Bajamushiya, suna kuma tambayar lafiyarta kamar ta mutum.

Baba ba ya harbi don wasa. Harsashi ɗaya, dabba ɗaya, shi ya sa akwatin nan ya kai shi shekaru masu yawa. Amma komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, bara harsashi na ƙarshe ya tafi. Kun dai san shekarun da muke ciki. Fari ya yi mana sallama a jere, mutanen ƙauye suka ci dusa da tafasa, mu ma'aikata muka koma bin layin sabulu da gishiri. Bana Allah ya dube mu, ruwa ya zauna, geron Wagini ya yi kai irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Sai ga gadu, aladen dajin nan da ake kira mugun dawa, sun fito daga Rugu garke guda, wani ƙaton tsohon namiji yana gabansu. Gonar da suka shiga, da safe sai ka ga kamar an yi sussuka a cikinta. Samari suka gwada bindigar toka, ta yi ƙara ta yi hayaƙi, ƙaton ya karkaɗe jikinsa ya dawo washegari. In aka bar su har geron ya nuna, babu abin da za a ɗaure, kuma babu gidan da ke da rarar da za ta kai shi wata damina.

An nemi harsashin a Katsina, an aika Kano, kantunan da ke sayarwa da suka ce tun da aka tsuke shigo da kaya ba su ƙara ganin irinsa ba. Na bayan fage kuwa Baba ba ya ko son a ambata, domin abokinsa Ɗan Baushi na Babban Duhu ya taɓa sayen irinsu a gwangwani, bindigar ta fashe a hannunsa, yanzu da yatsu uku yake jan carbi. Malamin daji na Batsari ne ya ce akwai wani kanti a Maraɗi inda Turawa masu farauta ke saye. Shi ya tsaya aka samo takardun izini na nan da na can, gari ya yi karo-karo, aka kuma ce a haɗa Baba da mai karatun boko. Ni kaɗai ne ɗan boko a dangin, ga mu cikin hutu, ga kuma ɗan Faransancin da na tsinta a kwaleji na riƙa yi wa Dije burga da shi. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Bindiga dai ba za ta ƙetare iyaka ba, saboda haka na durƙusa a zauren Baba na ce, "Baba, ko akwai lambar harsashin da za mu nuna masu?"

"Mi ka ce, Malam?"

Na ɗaga murya ina jin haushin kaina, don ɗaga wa suruki murya ba tarbiyyar gidanmu ba ce. Ya sa hannu a aljihu ya fito da kwanson harsashi, wato ɓawon tagullar da ke saura bayan an harba, yana ƙyalli kamar an ƙera shi jiya.

"Ga lamba nan. Wanga shi ne samfur, tun Bature na nan nike aje da shi."

Na ce madalla. Ban miƙa hannu na karɓa ba, ban ko ɗaga kai na dube shi sosai ba, domin mutum ba ya bincikar kayan surukinsa. Ku riƙe wannan, zai dawo mana. Dije ta ɗaure mani ƙuli-ƙuli da dakuwa, ta rako ni bakin zaure ta ce, "Malam, harsashi a samu ko kar a samu, ka mayar mani da Baba da yatsunsa goma."

Daga Wagini zuwa Batsari a kan jakuna muka tafi. Nawa jakin tun a ƙofar gari ya gane ɗan birni ne a kansa, duk gonar da muka wuce sai ya ratse ya gaishe ta. A tashar Batsari muka samu a-kori-kura mai zuwa Jibiya, an loda mata buhuna da awaki da mata 'yan kasuwa, mu kuma aka ɗora mu a sama. Kafin mu hau, Baba ya zauna a inuwa ya fito da wani ɗan tandun kwalli siriri, an lulluɓe shi da jar fata wadda ta yi baƙi don daɗewa, ya zizara wa idanunsa. Na san tandun. Na marigayiya Inna Yalwa ne, mahaifiyar Dije, tun da ta rasu ba ya rabuwa da shi. Ya ce, "Ido shi ne rabin bindiga, Malam," ya mayar da shi aljihun gaba, ya dafa.

Ba mu yi nisa ba motar ta yi tari ta mutu. Direba ya ce mai ne aka gauraya masa da kananzir, ya cire wani bututu ya yi ta tsotsa yana tofarwa yana tsine wa 'yan bumburutu. Rana ta take. Wata Bafulatana ta zo da ƙwarya, Baba ya sa aka dama fura, ya sha, ya turo mani. Na ce, "Na ƙoshi, Baba." Cikina kuwa a daidai lokacin ya ƙaryata ni da babbar murya. A gidanmu ba a cin abinci gaban suruki, ko ruwa sai ka juya baya. Na zame na laɓe bayan wata kuka na kwance ƙullin Dije. Da na dawo ina share baki, Baba ya dubi sama ya ce, "Malam, wanga daji na da ɓeraye masu ƙarfin haƙori." Matan cikin mota suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Kunnen da ba ya jin gaisuwa ashe yana jin ƙuli-ƙuli.

A Jibiya muka kwana gidan wani mai sayen fatu, tsohon abokin cinikin Baba. Zaure ɗaya, tabarma ɗaya, kwanon tuwo ɗaya. Na ce ni iskar waje nake so, na shimfiɗa buhu kusa da turken awaki. Sauron Jibiya ba ya kunyar kowa, shi ya ci ya ƙoshi. Allah ya saka wa matar gidan, ta gane halin da nake ciki ta aiko mani da ɗumame ta bayan danga.

Da safe muka nufi iyaka. Jami'anmu na Magama suka duba takardu, suka ga sunan malamin daji da hatimin 'yan sanda, wani a cikinsu ma ɗan Karare ne ta ƙasar Batsari, ya ce in mun samo mu fara ta gonar babansa. A Ɗan Isa, ɓangaren Nijar, muka iske jandarma zaune ƙarƙashin rumfa da 'yar hula kamar murfin tukunya. Na gyara murya na juye masa duk Faransancin da na mallaka. Ya saurara har na ƙare, sa'annan ya ce da Hausa, "Malam, yi Hausa mu huta gaba ɗai."

Ya ɗauki alƙalami ya ce, "Sunan tsoho?"

Na ce, "Baba."

"Baba wa?"

"Sarkin Baka."

"Ba sarauta nit tambaye ka ba. Sunan yanka."

Na dubi Baba, shi kuma ya juyo mana kunnen da ya yi murabus yana kallon wata shirwa. Sunan yana nan a takarda, amma jandarman ya rantse sai ya ji daga baki. Na ce, "Ranka ya daɗe, surukina ne." Mutumin nan ya ajiye alƙalami ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce shi kansa in ya hango surukarsa a kasuwa, da kakinsa da komai yake shigewa rumfar masu gishiri. Ya miƙo mani alƙalamin na rubuta sunan da hannuna, ya buga hatimi. Wannan shi ne marin jandarman da ake ta yayatawa.

Maraɗi gari ne mai faɗin tituna, kuma mutanensa ba sa gaggawa. Mun sauka gidan Malam Isufu mai kilishi, wanda mai fatun Jibiya ya haɗa mu da shi. Gajere ne mai fara'a, tun kafin mu ajiye jaka ya fara tsokana. "Sannunku da zuwa, baƙin Katsina. Ku dai kun san mu ne Katsinawa na asali, ku jiran gida muka bar maku." Baba ya ce, "To mun gode, gidan na nan lahiya, sai dai ba mu da niyyar tashi." Daga nan suka ƙulla.

Abubuwa da dama sun ba ni mamaki. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, mutum ya saƙale shi a hammata ya hau keke, ɓawonsa kuma yana iya fasa dasashi. Mota su ce mato, makaranta su ce lakwal. Shayinsu ba irin na majalisarmu ba ne da ake cika kofi da madara. Ɗan mitsitsin kofi ne mai ɗaci, a dafa a sake dafawa, in ka tashi kafin a gama zagayen ka yi rashin ladabi. Abin da ya fi ɗaure mani kai shi ne, da rana ta take sai garin ya mutu. Kanti a rufe, ofis a rufe, wai kowa ya tafi barcin rana, doka ce tun ta Faransa. Na tuna hedimastanmu da ke bin aji-aji yana farautar malamin da ya yi gyangyaɗi, na ce ashe ƙasa muka ɓata, ba hali ba. Mun isa kantin a daidai wannan lokaci, muka zauna a dakalinsa har la'asar ta kusa.

Da aka buɗe, sai muka ga mai kantin mace ce. Wata tsohuwa 'yar Labanan, farar fata, da tabarau rataye a wuya, kowa Madam yake ce mata. A Maraɗi aka haife ta, mijinta ne ya kafa kantin, da ya rasu ta ci gaba. Baba ya matso kusa da ni ya yi raɗa irin ta kurame, wadda ake ji har titi, "Malam, tambaye ta ina maigidan." Ta ce da Hausar da ta fi tawa, "Maigida ya riga mu gidan gaskiya, Baba. In harsashi kake so, ni ce. In gaisuwa ce, ita ma ni ce." Baba ya gyara hula ya yi mata ta'aziyya.

Ta karanta takardunmu a hankali, ta ce sun yi, sai dai lasisin bai faɗi komai ba illa bindiga ɗaya ƙirar Jamus. Ta nemi samfur. Baba ya fito da kwanson nan cikin alfahari ya ɗora a kan teburi. Ta juya gindinsa, inda masana'anta ke buga lamba, ta sa tabarau, ta kai shi bakin taga, ta dawo. Gindin sumul yake kamar bayan cokali.

"Da mi kake goge shi?"

"Da tsamiya da toka," in ji Baba. "Kowace Juma'a, ban taɓa fashi ba."

Ta dube shi, ta dube ni, ni kuwa na dubi ƙasa. Tsabar kulawa ce ta cinye lambar, a hankali a hankali, Juma'a bayan Juma'a. Da na karɓa na duba tun a Wagini, da mun nemi lambar a jikin bindigar kafin mu taso.

Madam ta auna kwanson da wani ɗan ƙarfen awo, ta sauko da kwalaye biyu ta buɗe. Harsasan ciki a idona 'yan biyu ne, ko uwarsu ba za ta bambanta su ba. Ta ce tsawonsu ɗaya, gidansu ɗaya, amma kan ɗayan ya ɗara ɗayan kauri da abin da bai kai ƙwayar gero ba. Bindigogin Jamus na da, wasu an yi su da matsattsen maƙogwaro, wasu da mai faɗi. In ka ba mai matsattsen maƙogwaro mai kaurin, tana iya fashewa. In ka ba mai faɗin siririn, zai fita yana lilo, ka auna gadu ka sami kuka. Bakin kwanson Baba kuwa ya lotsa ya sirance, awo ba zai raba gardama ba.

Na ce, "Madam, ki zaɓa mana wanda kika fi zato."

Ta ce, "Malam, ban sayar da zato. Ku kawo mani lamba, ko ta jikin bindiga ko ta wani kwanso da ta taɓa ci. Abin da ta ci bai ɓata mata ciki ba, shi zan ba ku."

Muka fito jiki a sanyaye. Komawa Wagini a dawo, kafin nan gadu sun gama da gonakin yamma, izinin namu ma ya ƙare. Na ji baƙin ciki ƙwarai, kuma na ji kunyar mutanen da suka sayar da kaji suka sa mana a guzuri. Hannun Baba dai yana kan aljihun gaba, na ɗauka ƙirjinsa ke ciwo.

Labari ba ya ɓuya a Maraɗi. Washegari da hantsi muna zaune a zauren Malam Isufu sai ga wani dillali mai haƙorin makka, ya ce ya ji matsalarmu, ya zo taimakon Musulunci. Ya buɗe gwangwanin madara. Harsasai ne a zube, wasu sun yi kore, wasu an ga alamar an taɓa buɗe su an sake cusa masu gari. Ya ce wannan kowace bindigar Jamus tana ci, ba lamba ba takarda, kuma da abin da za mu sayi kwali ɗaya wurin Madam sai mu kwashe gwangwanin duka. Malam Isufu ya ce, "Araha dai ba ta ado," ya tashi ya koma wurin kilishinsa.

Na jira Baba ya kore shi. Sai na ga ya ɗauki ɗaya, ya juya, ya sansana, ya girgiza shi kusa da kunnensa mai aiki. Na ga fuskarsa, ya san mugun abu ne, ya fi kowa sani. Amma ya ce, "Malam, ba shi kuɗin. Mu gwada sa'a."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Baba, ba zan bayar ba."

Wannan karon bai ce mi ka ce ba.

Na ce, "Ku gafarce ni, Baba. Ku da kanku kuka ba ni labarin Ɗan Baushi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Dije ta ce in mayar da ku da yatsu goma, ni kuwa ba ni da fuskar da zan shiga gida da takwas. Gara mu koma hannu sake a yi mana dariya."

Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba sai ran nan. Dillali ya ga babu ciniki, ya rufe gwangwaninsa ya sulale. Aka kawo mana tuwon rana daga cikin gida, na yunƙura zan fita kamar kullum. Baba ya turo kwanon tsakiyarmu ya ce, "Zamna. Tunda ka iya yi mani gardama, ka iya cin tuwo da ni." Na zauna. Wallahi ban san ko miyar mece ce ba, amma na ci.

Da muka wanke hannu ya fito da tandun kwallin ya ɗora a tafinsa. Ya daɗe yana kallonsa.

"Malam, ka san mi ne cikin wagga fata?"

Na ce a'a.

"Kwanso ne. Harsashin farko da na harba da Bajamushiya, ranar da Bature ya ba ni ita. Lokacin ina neman uwar Dije, ba ni da zobe ba ni da awarwaro. Na kai wa baduku ya rufe shi da fata ya yi mashi marfi, na kai mata. Ta ce ɗinkin baduku ba shi da kyau, ta warware ta sake da hannunta. Wanga zaren da kake gani, nata ne." Ya shafa gindin tandun da babban yatsa. "Tun jiya a kanti na san lambar na nan ƙarƙashi. Na ce gara in ba bindiga guba da in yanke zarenta. Tsufa ke nan, Malam."

Tausayinsa ya cika ni. Ban ce ya yanke ba, ban ce kar ya yanke ba, don ba nawa ba ne. Shi da kansa ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce, "Da tana nan da ta ce mani, kai wawa, geron mutane ake ci kana kallon zare. Tashi mu tahi kahin su shiga barcin nan nasu."

A kanti ya zaro wuƙarsa ta farauta. Madam da ta ji bayanin ta ce ya mayar da ita kube. Ta buɗe aljihun teburi ta ɗauko ɗan almakashin ɗinki, ta ce, "Kar ka taɓa fatar. Zaren gindi kaɗai za ka tsinke, sauran ya zauna yadda ta bar shi." Ta juya mana baya ta shiga gyara kwalayen da ba su bukatar gyara. Baba ya tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya. Fatar ta buɗe. Tagullar ta yi duhu, amma lambar tana nan raɗau kamar yau aka buga. Ni na karanta, Madam ta sa tabarau ta tabbatar. Siririn ne. Dillalin nan kuwa, ta ce, irin nasa yawanci tsofaffin na soja ne masu kauri.

Sai aka zo zaɓe. Tana da iri biyu na lambarmu. Akwai tsohon kwali da ruwa ya taɓa taɓawa a sito, ta ce za ta rage mana, za mu samu da yawa, amma ba ta yi alkawarin kowanne zai tashi ba. Akwai kuma sabon zuwa, a liƙe daga masana'anta, kansa mai taushi wanda aka yi don dabba mai kaurin fata. Baba ya sa ta buɗe sabon, ya jera su a tafin hannu, ya ga kowanne kamar ɗan'uwansa, ba tabo ba lotsawa. Ya ce, "Gaban mugun dawa ba a cewa bari in sake. Ba mu kaɗan masu kyau." Ta rubuta mana shaidar saye, ta kuma rubuta lambar a wata 'yar takarda ta ba ni, ta ce in ɓoye ta inda tsamiya ba ta kaiwa.

Malam Isufu ya kai mu wurin wani baduku ya mayar da ɗinkin. Ba a sami zare irin na da ba, sai wani kore. Baba ya ce a sa hakanan. Muka yi sallama, Malam Isufu ya cika mana jaka da kilishi ya ce mu gaida masu jiran gida. A Ɗan Isa jandarman nan ya duba kwalin da shaidarsa, ya gan mu muna yagar kilishi daga takarda ɗaya, ya riƙe baki ya ce, "Malam, a Maraɗi ka sayar da kunyar?" Baba ya ce, "Musanya munka yi, da riba." Na sayo wa Dije dogon burodin nan, kafin mu kai Batsari ya zama abin da za a iya kore jaki da shi.

Mun isa Wagini muka tarar an yi ɓarna a gonaki biyu na bakin daji, amma sauran na nan. Baba bai yarda ya fita farauta ba sai da ya ɗaure Bajamushiya a gindin itace, ya ja kunamarta da igiya daga nesa. Ta yi magana da muryarta ta da, ya duba kwanson ya ga lafiya lau. Da sassafe ya tare gadun a mashigarsu, ni ina can nesa inda aka ce masu karatun boko su tsaya. Ƙara ɗaya na ji. Ƙaton ya faɗi, garken ya watse, bayan 'yan kwanaki ya ƙara kayar da wani, sauran suka koma Rugu. Yanzu da nake rubutun nan an gama ɗaurin gero, damin da aka aiko mana yana jingine a ɗakin girkin Dije.

Abu ɗaya ya rage, shi ne wanda ban faɗa a majalisa ba. Ranar da muka dawo, Dije tana Wagini tana jiranmu. Ta kawo ruwa, ta durƙusa, na ga tana ƙirga yatsun Baba da ido. Ya sha, ya fito da tandun zai sa kwalli, idonta ya sauka a kan koren zaren. Ta san ɗinkin uwarta kamar yadda ta san tafin hannunta. Ta karɓa ta juya shi, idanunta suka ciko.

Baba ya ce, "Kar ki yi kuka, ɗiyata. Uwarki ce ta ba mu lambar. Shekara da shekaru ni ina gogewa, ita tana rufewa. Da ma haka muka zamna da ita, ni in ɓata, ita ta adana."

Dije ta share ido da gefen mayafi, ta buɗe marfin ta zizara kwallin, ta miƙa masa abinsa. Sa'annan ta shiga ta ɗauko tuwo, ta tsaya da kwano biyu a hannu tana dubanmu. Baba ya ce, "Mayar da ɗaya."